Yadda ake ɗauke domen daga kamfanin rajista zuwa wani ba tare da shafi ko imel sun ɗauke ba

Mayar da sunan domen, wato adireshin shafi irin example.com, daga kamfanin rajista zuwa wani aiki ne na kamar minti 20 a gaban kwamfuta, sai jiran kwana 5 zuwa 7. Amma sau da yawa yakan koma na wata biyu, ko kuma a wayi gari imel ɗin ma'aikata gaba ɗaya ya daina shigowa. Idan aka bi diddigi, kusan kullum za a tarar an yi abin da ya kamata ne a lokacin da bai kamata ba: an gyara adireshin imel ana gab da tafiya, ko an tafi ba a kwashe bayanan DNS masu nuna inda shafi da imel suke ba, ko an bari sai da wa'adi ya rage kwana uku. Saboda haka a bi matakan nan yadda suka zo, kada a tsallake gaba a dawo baya.

Me ke ƙaura, me ke zama a wurinsa

Hannu huɗu ne ke riƙe da kowane domen, ko da kuwa wuri ɗaya kake biyan kuɗi. Akwai mai babban kundi, wanda ke ajiye rajistar duk sunayen da suka ƙare da wutsiya guda: Verisign ke riƙe da .com da .net, Public Interest Registry kuma ke riƙe da .org. Ba ka hulɗa da shi kai tsaye. Akwai kamfanin rajista, irin su GoDaddy, Namecheap ko Porkbun, wanda kake biya duk shekara don ya rubuta sunanka a wancan kundin. Akwai mai riƙe da DNS, wato sabar da ke gaya wa duniya inda shafinka yake da inda za a kai saƙonninka. Na huɗu shi ne masaukin shafin da na imel.

Ƙaurar domen na biyun kaɗai take sauyawa. Kamar ka karɓi takardar filinka daga hannun wani lauya ka ba wani ne, fili yana nan inda yake, ginin da ke kansa ma yana nan. Inda ake samun matsala shi ne, yawancin mutane kamfani ɗaya ne ke yi masu aiki na biyu da na uku a tare, DNS ɗin kyauta ce da ke zuwa da rajista. Ranar da ka bar su, kyautar na iya ƙarewa.

Fara da duba halin da domen yake ciki

Kafin ka taɓa komai, je lookup.icann.org ka rubuta sunan domen. Abu huɗu za ka karanta: sunan kamfanin rajista, ranar da aka yi rajista, ranar cikar wa'adi, da layukan matsayi.

Sunan kamfanin yakan ba mutane mamaki. Idan ka sayi domen a wurin mai masaukin shafi ko wanda ya gina maka shafin, akwai yiwuwar dillali ne, kuma sunan wani kamfani daban za ka gani, kamar Tucows ko eNom. Ta hannun dillalin za ka fara neman komai, amma idan ya yi shiru, kamfanin da sunansa ya fito a binciken shi ne ke da alhaki a gaban ICANN, hukumar da ke tsara ƙa'idojin sunayen domen a duniya, kuma shi za ka rubuta wa. Haka nan idan dillalin da za ka bari da wanda za ka koma duk a ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, ƙaura irin ta kullum ba za ta yiwu ba. Sai dai a tura domen daga asusu zuwa asusu a cikin gida.

A layukan matsayi, clientTransferProhibited kulle ne na yau da kullum, kai za ka buɗe shi da kanka daga baya. Wanda ya fara da server, kamar serverTransferProhibited, mai babban kundi ne ya sa shi, babu maɓallin da zai cire shi a asusunka. Yakan zo ne saboda sabuwar rajista, ko shari'a, ko wani tsaro na musamman da aka saya. Idan ka ga clientHold, an dakatar da domen, galibi don ba a tabbatar da adireshin imel cikin kwana 15 da aka bayar ba. Idan kuwa redemptionPeriod ka gani, wato lokacin fansa bayan an goge domen, maganar ƙaura ba ta ma taso ba tukuna.

Kullen kwana 60, har kala uku

Ƙa'idar ƙaura ta ICANN, wadda ta shafi .com, .net, .org da sauran wutsiyoyin da ba na wata ƙasa ba, ta ba kamfani damar ƙin sakin domen cikin kwana 60 na farko bayan rajista, da kuma kwana 60 bayan ƙaurar da ta gabata. Waɗannan biyun ba su da magani sai haƙuri.

Na ukun shi ne ke kama mutane. Tun 1 ga Disamba 2016, sauya sunan mai domen, ko sunan ƙungiyarsa, ko adireshin imel ɗinsa, ana ɗaukarsa a matsayin sauyin mai mallaka, kuma yana jawo kulle na kwana 60. Abin takaicin shi ne mai tsari ne ya fi faɗawa ciki. Mutum ya ce bari ya gyara bayanansa tsaf kafin ya tafi, ya sauya tsohon imel da sabo, ya danna ajiye, shi ke nan ya ɗaure kansa wata biyu. Ƙa'idar ta yarda kamfani ya ba ka zaɓin ƙin wannan kullen, amma sai kafin a yi sauyin, kuma ba kowane kamfani ke bayarwa ba. Inda ake bayarwa, wani ɗan akwati ne da za ka danna a shafin gyaran ko a saƙon tabbatarwa. Da zarar kullen ya hau, ma'aikatan taimako ba kasafai suke cire shi ba.

Shawara a nan mai sauƙi ce: in dai kana iya buɗe akwatin imel ɗin da ke rubuce, bar shi yadda yake, ka yi ƙaura, ka gyara a sabon wuri. Idan akwatin ya mutu, duba ko za ka iya farfaɗo da shi na mako ɗaya. Idan dole sai an sauya, nemi wancan zaɓin tukuna. Haka ma sayar da domen ga wani: a fara ƙaura, sannan a sauya suna. Batun ɓoye bayanan mai domen kuwa, tsofaffin jagorori suna cewa a kashe shi kafin tafiya. Tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a Mayun 2018, galibi ba a buƙatar hakan, kuma a wasu kamfanoni kashewar na iya zama sauyin mai mallaka. Kada ka taɓa shi sai kamfanin da za ka koma ya nema.

Lokacin da ya dace

Ka fara aƙalla kwana 30 kafin wa'adi ya cika. Babu asara a yin wuri, domin a .com, .net da .org kuɗin ƙaura na zuwa da ƙarin shekara guda a kan ranar da kake da ita. Domen da zai ƙare a watan Oktoba, in ka ɗauke shi a Maris, zai koma Oktoban shekara mai zuwa. Iyakar ita ce jimillar wa'adi ba ta wuce shekara 10.

Idan wa'adi ya riga ya cika, a ƙa'ida har yanzu kana da ikon tafiya muddin ba a shiga lokacin fansa ba. A aikace kuwa kamfani yakan katse DNS ya ɗora shafin talla, imel ɗin da ke kan domen ya mutu, wani lokaci maɓallin buɗe kulle ma ya ɓace. Akwai kuma tarkon kwana 45. Da wa'adi ya cika, mai babban kundi yakan ƙara shekara da kansa, ya ba kamfanin rajista kwana 45 ya janye in ya so. Idan ka biya sabuntawa bayan wa'adi ya wuce, sannan ka yi ƙaura a cikin waɗannan kwanakin, za a mayar wa tsohon kamfani kuɗinsa a cire waccan shekarar. Ka biya sau biyu, ka samu shekara ɗaya. Don haka in lokaci ya ƙure, ka sabunta kafin ranar cikar wa'adi, in kuma ta wuce ka sabunta ka jira kwana 45 su shige.

Lokacin fansa kwana 30 ne bayan an goge domen, sai kwana 5 na jiran saki. A cikinsa tsohon kamfani kaɗai zai iya dawo maka da shi, da kuɗin da ya ninka na sabuntawa sau da yawa.

Kwashe DNS, aikin da ya fi cin lokaci

Duba sabobin suna, wato sabobin mai riƙe da DNS, da domen ke amfani da su, ko a sakamakon binciken ɗazu, ko da rubuta umarnin `dig example.com NS` a tagar umarni ta kwamfuta, ka sa sunan domen naka a madadin example.com. Idan na wani wuri ne daban, kamar Cloudflare ko mai masaukin shafinka, ka huta. Za su bi domen yadda suke, shafin ba zai ko girgiza ba. Idan kuwa na kamfanin da za ka bari ne, tsaya a nan sai ka gama wannan sashen. Wasu kamfanoni suna barin bayananka na ɗan lokaci bayan ka tafi, wasu suna share su nan take, kuma ba abin dogaro ba ne ko ɗaya.

Da farko ka fitar da duk layukan da ke akwai. Idan akwai maɓallin sauke fayil ɗin yankin, wato fayil mai ɗauke da duk layukan DNS ɗinka, yi amfani da shi, ka kuma ɗauki hoton allo na kowane shafi. Layukan A da AAAA su ke nuna inda shafi yake, CNAME na ƙananan sunaye ne irin su www, MX na karɓar imel ne tare da lambobin fifiko, TXT kuma su ke ɗauke da SPF, DKIM da DMARC, masu shaida cewa saƙon imel daga gare ka ya fito, da lambobin tabbatar da mallaka na Google ko Microsoft. Kada a manta da CAA da SRV in akwai.

Sabon mai riƙe da DNS zai ce ya leƙa ya kwafo maka komai. Kada ka yarda da shi ido rufe. Ba shi da hanyar ganin jerin gaba ɗaya, sunayen da aka saba yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Zai samo www da mail, amma layin DKIM mai suna irin s1._domainkey ko ƙaramin sunan da wani ya ƙirƙira shekaru uku da suka wuce don manhajar lissafi, waɗannan yakan tsallake su. Ɓatan DKIM ba ya hana saƙo fita, shi ya sa ba a lura da wuri. Sai bayan mako guda abokan hulɗa su fara cewa saƙonninka na faɗawa akwatin tarkace. A kwatanta layi da layi, da ido.

Akwai kuma abubuwan da suke kama da DNS amma hidimar kamfanin ce: tura saƙon info@ zuwa akwatin Gmail, juya mai ziyara daga wannan adireshi zuwa wancan, akwatin imel na kyauta, takardar tsaro ta SSL da ta zo da kunshi. Ba sa fitowa a fayil ɗin da ka sauke, kuma suna mutuwa da tafiyarka. Sai an sake gina su a wani wuri tun kafin a tafi. Idan akwatin imel ɗin kansa a wurinsu yake, kwashe saƙonnin tukuna.

Bayan ka gina komai a sabon wuri, gwada shi tun kafin duniya ta gan shi, ta hanyar tambayar sabuwar sabar kai tsaye: `dig @ns1.sabonwuri.com example.com MX`, ko a Windows `nslookup -type=MX example.com ns1.sabonwuri.com`. Amsar ta zama daidai da ta tsohon wuri. Sannan ka sauya sabobin suna a asusun tsohon kamfani, ka jira awa 48 cikakku. Dalilin awa 48 shi ne a .com bayanin sabobin suna na iya zama a ƙwaƙwalwar masu amsa tambaya har daƙiƙa 172800. A wannan tsakanin wasu mutane tsohon wuri suke tambaya, wasu sabo, don haka dole duka biyun su kasance a raye da amsa iri ɗaya. Rage TTL na layukanka, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsa a ƙwaƙwalwa, zuwa daƙiƙa 300 yana da amfani idan kana sauya masauki, amma ba ya gajarta waɗannan awa 48 ɗin, domin ba a hannunka suke ba.

Dalilin yin wannan kafin ƙaura ɗaya ne: da zarar domen ya shiga matsayin pendingTransfer, wato ana jiran kammala ƙaura, ba a iya sauya sabobin suna. Idan wani abu ya lalace a kwanakin nan, hannunka a ɗaure yake.

Kamfanin rajista na Cloudflare ya sharɗanta amfani da sabobin sunansa, don haka mai komawa can dole ya fara da wannan matakin ko yana so ko ba ya so.

DNSSEC

DNSSEC tsarin tsaro ne da ke sa hannu a kan amsoshin DNS don kada a yi jabunsu. Don ganin ko yana kunne, rubuta `dig example.com DS`. Idan babu amsa, wuce. Idan akwai, kuma za ka sauya mai riƙe da DNS, to akwai layin DS a babban kundi da ke cewa kada a yarda da amsar da ba ta ɗauke da sa hannun tsohon mabuɗi. Sabon wuri ba shi da wannan mabuɗin. Sakamakon shi ne domen zai ɓace ga duk mai amfani da sabar da ke tantance sa hannu, irin 8.8.8.8 da 1.1.1.1, yana kuma buɗewa lafiya lau ga wasu. Alamarsa ita ce amsar SERVFAIL wadda ke gushewa idan ka ƙara `+cd` a umarnin.

Jerin shi ne: cire layin DS a tsohon kamfani, jira awa 24 zuwa 48, sauya sabobin suna, yi ƙaura, sannan ka kunna DNSSEC a sabon wuri ka sa sabon DS. Idan mai riƙe da DNS ba zai sauya ba, bar DS ɗin, amma ka tabbata sabon kamfani yana da wurin sarrafa shi, ka kuma sake duba shi bayan an kammala.

Buɗe kulle da karɓar lambar izini

Yanzu sai a buɗe kullen ƙaura a asusun tsohon kamfani, a sake bincike a ga clientTransferProhibited ya tafi. Wani lokaci maɓallin kan nuna a buɗe alhali kundin bai sauya ba. Abin da kundin ya nuna shi ne gaskiya. Wasu kamfanoni suna sayar da ƙarin kariya a kan kullen, sai an soke ta daban.

Lambar izini ita ce kalmar sirrin ƙaura. A shafukan kamfanoni za ka ga an kira ta EPP code, Auth code ko AuthInfo, duk abu ɗaya ne. Idan babu inda za ka ɗauke ta da kanka, ƙa'ida ta tilasta wa kamfani ya ba ka ita, ya kuma cire kulle, cikin kwana 5 daga ranar da ka nema. Ba shi da ikon riƙe ta don kawai kuna jayayya kan kuɗi. Za su iya nuna maka rangwame shafi bayan shafi don ka fasa, wannan halas ne a gare su, ka ci gaba da dannawa.

Saƙon "lamba ba daidai ba" yawanci ɗayan abu huɗu ne. An kwafo ta da ɗan fili a gaba ko a baya. An rubuta ta da hannu an rikita ƙaramin l da babban I da 1, ko O da 0, ga shi kuma tana bambanta babban harafi da ƙarami. Ta tsufa, domin wasu kamfanoni suna ba ta wa'adi. Ko kuma an nemi sabuwa saboda ta farko ta yi jinkiri, sabuwar ta kashe tsohuwar, sai aka yi amfani da wadda ta fara isowa. Kullum ta ƙarshe ce mai aiki. Kada ka tura ta ga kowa sai a shafin kamfanin da kai ka zaɓa, domin duk mai riƙe da ita yayin da kulle yake buɗe zai iya tafiya da domen. Wasiƙun da ke zuwa kamar takardar biyan sabuntawa daga kamfanin da ba ka sani ba, yawancinsu neman ƙaura ne aka ɓad da kamarsa.

Kwana biyar na jira

A sabon kamfani ka sa sunan domen da lambar, ka biya. Kula da abu biyu a shafin biya: farashin sabuntawa na shekara ta biyu, wanda sau da yawa ya fi na ƙaura, da tambayar ko a bar sabobin suna yadda suke. Zaɓi a bar su. Idan ka bari aka ɗora nasu, za a mayar da domen kan yankin da babu komai a ciki, duk aikin da ka yi a baya ya tashi a banza.

Daga nan matsayi zai koma pendingTransfer. Tsohon kamfani zai aiko da saƙo cikin awa 24, kuma yana da kwana 5 ya amince ko ya ƙi. In ya yi shiru, mai babban kundi zai kammala da kansa. Karanta saƙon nan da natsuwa kafin ka danna komai, domin a wurin kamfanoni da yawa mahaɗin da ke ciki na soke ƙaurar ne. Wasu suna da maɓallin amincewa a cikin asusu, wanda ke gama aikin cikin 'yan mintuna. Wasu ba su da shi, sai an cika kwanakin.

Idan aka ƙi

Dole kamfani ya faɗi dalili, kuma dalilan da aka yarda da su a ƙidaye suke, manyansu su ne: shaidar zamba, takaddama ta gaskiya kan wane ne mai domen, bashin wa'adin da ya riga ya wuce, ƙin amincewar mai domen da kansa, umarnin kotu, ƙarar UDRP (takaddama kan amfani da sunan kasuwancin wani a domen) da ake kan saurare, da kullen kwana 60. Rashin biyan shekara mai zuwa ba dalili ba ne. Bashin masauki ko wata hidima daban ma ba dalili ba ne.

Ka rubuta masu a rubuce, ka nemi su faɗi wane sashe na ƙa'idar suka dogara da shi, ka ajiye kwanan wata da lambar tikiti. Idan kwana 5 suka wuce babu lamba, ko dalilin ba ya cikin jerin, shigar da koke a sashen bin ƙa'ida na ICANN ta fom ɗin koken ƙaura da ke shafinsu, kyauta ne. Sai dai ICANN ba ta raba gardamar mallaka. Idan wanda ya gina maka shafi ya rubuta domen da sunansa, a idon kundi shi ne mai shi, kuma mafita sai sulhu da shi ko kotu.

Wutsiyoyin ƙasashe

Duk ƙa'idojin kwanakin da aka lissafa ba su hau kan wutsiyoyi masu harafi biyu ba, kowace ƙasa da tsarinta, ICANN kuma ba ta karɓar koke a kansu. A .uk babu lambar izini: kana karɓar alamar IPS ta sabon kamfani, wato gajeren sunan da aka san shi da shi a kundin .uk, ka ba tsohon ya sauya, kuma shekara ba ta ƙaruwa da kanta. Idan ya ƙi, Nominet, mai babban kundin .uk, na iya sauyawa da ɗan kuɗi. A .de akwai lamba, tana aiki kwana 30. Mutane da yawa ba su san .io, .co, .me, .tv da .ai duk na ƙasashe da yankuna ba ne, .co na Kolombiya, .tv na Tuvalu, .ai na Anguilla. A karanta ƙa'idar mai kundin kafin a fara.

Bayan an kammala

Sake bincike ka tabbata sunan sabon kamfani ya fito, ranar wa'adi ta ƙaru da shekara, sabobin suna ba su sauya ba. Aika saƙo daga wani akwati na waje zuwa adireshinka, ka kuma aika daga naka zuwa waje. Mayar da kulle, kunna sabuntawa ta kai tsaye da tabbatarwa mai mataki biyu. Idan saƙon tabbatar da imel ya zo, amsa shi kafin kwana 15 su cika. Yanzu ne lokacin gyara bayanan mai domen, kuma adireshin imel ɗin da za ka sa ya zama wanda ba a kan wannan domen yake ba, don in domen ya samu matsala saƙon gargaɗi ya iya isowa. A tsohon kamfani ka kashe sabuntawar duk hidimomin da suka rage don kada su ci gaba da cirar kuɗi, amma ka bar asusun da bayanan DNS ɗinsa har mako guda kafin ka rufe.